Katin Abdulghani

Lado ya shekara ashirin da shida a Jidda, goma sha tara daga ciki yana gadin bene guda a unguwar Aziziyya. Ɗakinsa a ƙarƙashin matakala yake, bango ɗaya da injin da ke tura ruwa sama, don haka duk wanda ya buɗe famfo a hawa na huɗu, Lado ne ke fara sani. Bahaushen Sudan ne, mutumin Mai Wurno. Kakanninsa sun taso za su Makka suka yada zango a bakin kogi, zangon ya zama gari. Shi ya ƙarasa musu tafiyar, ya sauke farali, ya gangaro Jidda ya nemi tsintsiya.

Matarsa Tani ta rasu shekara tara ke nan. 'Yarsa Zakiya tana aure a unguwar Safa, takan bugo masa ran Juma'a a wayar kantin kusurwa. Saura shi da ɗansa Rafi'u, mai shekara ashirin da huɗu, haifaffen Jidda, wanda sau ɗaya aka taɓa kai shi Sudan, yana goye. Su biyu ke cin abinci a faranti ɗaya, su wanke motocin mutanen bene da safe, Rafi'u ya saɓa tulun gas ya kai sama. Ba mai zuwa musu hira. Lado ne ya hana, ba da baki ba. In baƙo ya zo sai ya tare shi a bakin ƙofa, su yi ta gaisawa a tsaye har baƙon ya gaji ya tafi.

Dalili kuwa Rafi'u ne. Yana shekara goma sha bakwai ya daina ci, ya daina barci, ya ce injin ruwa yana zaginsa. An yi rubutu, an yi tofi, an kai shi wurin wani malami a Kurayyat, abu bai sauka ba sai da aka je asibiti. Lado bai taɓa kiran ciwon da sunansa ba. In an tambaya sai ya ce, "Gajiya ce, zafin Jidda ne."

A ranar farko ta zuwa asibitin ne Lado ya yi wata dabara da ya daɗe yana yaba wa kansa. A lokacin ana neman auren Zakiya, kuma mai benen, wanda shi ne kafilinsu, wato mai tsaya musu a kan takardun zama, mutum ne da ba ya son jin abin da zai dame shi. Lado ya lissafa: in aka rubuta wannan ciwo a kan sunan ɗansa, takarda ba ta mantuwa. To akwai Abdulghani, ɗan wansa Bello, sa'an Rafi'u, wanda ya zauna da su shekara biyu ya koma Sudan ya bar kwafin iƙamarsa, takardar izinin zama, a ƙasan akwati. Wannan kwafin Lado ya miƙa a taga. Kwafin baƙi ƙirin, fuskar ba ta fi tabon gawayi ba. Magatakarda ya dubi tabon, ya dubi yaron, ya ga ba su saɓa ba, ya buga kati.

Tun daga nan, duk farkon wata, ma'aikaciyar jinya za ta leƙo ta ce, "Abdulghani Bello!" Rafi'u ya miƙe ya shiga. Ya karɓo ƙwayoyinsa da sunan Abdulghani, ya sha, ya samu sauƙi. Aka ɗaura auren Zakiya lafiya. Kafili bai ji komai ba.

A shekarar 1997 fasfo ɗinsu ya zo ƙarewa, suka tafi ofishin jakadancin Sudan. Mutumin da ke taga dattijo ne mai fara'a. Ya juya na Lado ya ajiye gefe, ya ɗauki na Rafi'u ya tsaya a kan shekarar haihuwa.

"Ya Hajj, naka ba matsala. Na yaron ne. Ya yi hidima?"

"Wace hidima?"

"Aikin soja na dole. Duk namiji mai irin shekarunsa sai da takarda. Ko ta cewa ya yi, ko ta ɗage masa in yana karatu, ko ta yafewa in likita ya ce ba zai iya ba. Ka kawo ɗaya daga ciki, in sabunta masa."

Lado bai yi boko ba, amma ya san yadda takarda ke jan takarda. Ba fasfo, ba iƙama. Ba iƙama, wata rana motar 'yan sanda ta tsaya a bakin bene, a kwashi yaro a sa shi jirgi zuwa Khartoum, garin da bai san kowa ba, inda ake ta ba da labarin ana tare samari a tasha ana loda su a manyan motoci zuwa sansani. Wa zai miƙa masa ƙwaya da shayi a can? Iƙamar kuwa saura wata biyu.

A cikin bas suna komowa Rafi'u sai murmushi yake yi. Hausarsa irin ta 'ya'yan Jidda ce, rabi da rabi.

"Baba, ni zan iya, wallahi. Ina hawa huɗu da gas ba na tsayawa. Ya'ani, soja ai gudu ne da ɗaukar kaya."

"Rufe min baki."

"Lesh? Ai lafiyata lau. Abdulghani ne mara lafiya."

Ya faɗa da dariya, Lado ma ya ɗauka wasa ne. Sai da suka sauka ya ga yaron yana tafiya ƙirji a gaba, yana buga ƙafa, sannan ya gane ba wasa ba ne gaba ɗaya.

Ran Talata motar ruwa ta zo cika tankin bene. Direban, Usman, Bahaushen Gadarif ta Sudan ne, mai baki kamar rediyo. Shekara goma yana kawo ruwa, bai taɓa wuce bakin tanki ba. Ran nan Lado ya kawo masa shayi har da kujera. Usman ya dubi kujerar, ya dubi Lado.

"Kawu, lafiya? Ko mutuwa za ka yi kake neman gafara?"

Lado ya yi ta kewaye-kewaye, wai wani ne ya sani, mai ɗa, ɗan yana da 'yar gajiya, ana neman takardar yafewa. Usman ya kurɓi shayi.

"Kawu, Rafi'u kake nufi. Duk Aziziyya an sani. Mai kanti ya sani, mai wanki ya sani. Kai kaɗai ne ba ka san mun sani ba."

Lado ya ji kamar an zare masa riga a kasuwa. Tiyo yana ta kwarara cikin tanki. Da ya ga ba sauran abin ɓoyewa sai ya faɗi maganar katin ma. Usman ya ajiye kofi ya yi dariya har da tari.

"La ilaha illallahu! Wato mara lafiya yana nan, ciwon yana Sudan! Kawu, wayonka ya yi yawa har ya zube."

"Ni shawara na tambaye ka, ɗan Gadarif."

"To ji. Kada ka kuskura ka ce musu ka yi amfani da takardar wani. Wannan tazwir suke ce masa, wato jabun takarda, ku biyu za a ɗaure a kora. Ka kai shi wani asibitin da sunansa na gaskiya, sabo fil. Amma yadda yake ɗin nan, fes, yana gaisuwa kamar limami, wane likita zai ce ba zai iya ba? Ka ɗauke masa ƙwayar sati biyu. In ya birkice ka kai shi, su gani da idonsu, su rubuta. Khalas, shi ke nan. Daga nan ka mayar masa da abinsa."

Ya naɗe tiyonsa, ya hau mota, ya leƙo ta taga. "Yalla, Kawu. Kujerar nan ka bar min ita a nan, na saba."

Lado ya kwana biyu yana juya maganar. A rana ta uku da safe ya zuba shayi, bai ajiye komai a gefen kofin ba.

"Baba, ina dawa?" Haka Rafi'u ke kiran maganin, da Larabci.

"Ya ƙare. Sai wata ya kama."

Kwalbar tana cikin aljihun jallabiyarsa, tana taɓa masa cinya duk inda ya juya.

Satin farko ba abin da ya faru, sai ma yaron ya ƙara kuzari, ya wanke motoci har da waɗanda ba a sa shi ba. Ran na takwas ya bar rabin abincinsa. Ran na tara Lado ya lura yana tsayawa da soso a hannu, kai a karkace, kamar mai sauraron kiran salla daga nesa. Lado ya ga wannan tsayuwar ya gane ta. Ya shiga banɗaki ya daɗe, ya fito ya ci gaba da shara. Saura kwana biyar, ya ce wa kansa.

Ran na goma sha ɗaya, bayan la'asar, ya dawo daga masallaci ya tarar da matar hawa na uku tana ƙwala masa kira ta taga, wai ba ruwa. Ƙarƙashin matakala yana warin ƙonewa. An naɗe injin da bargon Tani, bargon da ba a taɓa fitar da shi daga akwati ba tun rasuwarta, an ɗaure da igiyar shanya. Rafi'u yana tsugune a lungu, tafin hannu a kan kunnuwa.

Lado ya kashe wuta, ya warware bargon, gefensa ya riga ya babbake. Ya tsuguna gaban ɗansa.

"Baba, ka ce masa ya yi shiru. Tun jiya yake kira. Abdulghani, Abdulghani. Na ce masa ba ya nan, ya tafi Sudan. Ya ce ƙarya ne, yana cikin rigata."

Ga abin da Usman ya ce a kai wa likita, ya samu, har da saurin kwana uku. Tasi kawai zai tare. Lado ya dubi leɓen yaron da ya bushe, ya dubi bargon. Ya sa hannu a aljihu ya fito da kwalbar. Ya zazzago ƙwaya ya miƙa masa.

"Ashe bai ƙare ba," in ji Rafi'u.

"Bai ƙare ba."

Bai ƙara tambaya ba, Lado kuma ya fi son a ce ya tambaya.

Sai da aka yi kwana goma kafin injin ya koma inji. Iƙama saura wata guda da 'yan kwanaki. Ran da wata ya kama, ranar asibiti, Lado ya sa jallabiyarsa ta Juma'a, ya ɗauki katin Abdulghani da fasfon Rafi'u ya haɗa su a leda ɗaya. Rafi'u yana kallonsa.

"Za ka gaya wa likitar?"

"Zan gaya mata."

"Za su kama ka."

"Wataƙila."

Yaron ya daɗe yana ɗaura igiyar takalmi. "Baba, in ka gaya mata, khalas, ni ne zan zama shi, mara lafiyar."

Lado ya ce su tafi kada su rasa bas.

Likitar, Daktora Bashira, 'yar Sudan ce daga Madani, shekara biyar tana ganinsu. Ta ɗago da fara'a.

"Ahlan, Abdulghani. Yaya barci?"

Rafi'u ya dubi ubansa. Lado ya zazzage ledar a kan tebur.

"Ya daktora, ba sunansa ke nan ba."

Ta ɗauki fasfon, ta ɗauki katin, ta buɗe fayil mai kauri ta koma shafin farko inda tabon gawayin yake. Lado ya ba ta labari tun daga neman auren Zakiya har zuwa tagar ofishin jakadanci. Har kwana goma sha ɗayan nan bai ɓoye ba. Nan ne kawai fuskarta ta canza.

"Wa ya ba ka wannan shawara?"

"Wani mai ruwa."

"To ya tsaya a ruwansa. Ka san kana iya rasa shi a kwanakin nan? Ba a wasa da wannan magani, ya Hajj." Ta rufe fayil. "Shi Abdulghanin na gaske yana ina?"

"Yana Sinnar yana noman riɗi. 'Ya'yansa uku. Ko ciwon kai ba ya yi."

"A wurinmu kuwa ya sha maganin da zai cika buhu." Ta cire tabarau ta murza ido. "Ba zan iya goge suna in sa wani ba. Ba zan kuma iya rufe bakina ba, dole shugaban asibiti ya ji. Abin da zai yi da kai, ban sani ba. Abin da zan iya shi ne in buɗe sabon fayil da sunan ɗanka, in kwantar da shi sati uku, likitoci uku su duba shi, mu rubuta abin da muka gani. Amma sai ka ba da bayani da bakinka, a rubuta, ka dangwala. Me ke damun ɗanka?"

"Gajiya ce take..."

"Ba a yafe wa mutum aikin soja don gajiya. Kowa a gajiye yake."

Lado ya dubi bango. Da Larabci ya faɗa, don a wurinsa Larabci harshen takarda ne, kalma ba ta da nauyi a cikinsa kamar a Hausa. Ya ce ɗansa yana da ciwon hankali, shekara bakwai da wata huɗu, yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba. Sai da ya gama ya tuna cewa Larabcin nan shi ne harshen da Rafi'u ke mafarki da shi. Yaron bai motsa ba. Idonsa na kan fasfonsa da ke tebur.

Shugaban asibitin ya bar Lado a tsaye awa biyu a bakin ofis, sannan ya wanke shi tas, ya ambaci kurkuku sau uku. A ƙarshe ya dubi furfurarsa, ya tura masa takardar alkawarin ba zai sake ba. Lado ya dangwala. Tawadar ta kwana uku a babban yatsansa, duk wankin mota bai fitar da ita ba.

Sati ukun nan shi kaɗai ya yi su. Yakan dafa shinkafa ya ga ta yi yawa. Tulun gas ya gagare shi, sai ya riƙa hawa da shi mataki-mataki yana hutawa. Ran Juma'a ya je kanti ya jira wayar Zakiya, ya gaya mata ƙaninta yana asibiti, ya gaya mata da wane suna. 

"Baba, da sunanmu? Mijina fa, Abban su Larai? In danginsa suka ji?"

"Mai kantin nan da nake tsaye a gabansa ma ya sani, 'yar nan. Ranar ziyara Litinin ce da Alhamis."

Ta ce za ta gani. Litinin ya je shi kaɗai, Alhamis ma haka. Yakan sami Rafi'u a bakin gado cikin rigar asibiti, su zauna, ya ɓare masa lemo. A jikin gadon an liƙa 'yar takarda da rubutu. Lado bai iya karantawa ba, amma ya ga gajere ne, bai kai tsawon wancan sunan ba.

Ran da aka sallame shi aka ba su ambulan mai hatimi uku. Dattijon taga ya buɗe, ya karanta, ya ɗago ya dubi Rafi'u, ya ce, "Allah ya ba da lafiya, ya waladi." Bayan kwana shida fasfo ya fito, da wata 'yar takarda a maƙale. Kafili ya sa hannu a kan iƙama saura kwana huɗu ta mutu, bai ma tambayi abin da ya jawo jinkiri ba.

A ɗaki Lado ya miƙa wa ɗansa 'yar takardar. "Karanta min."

"Ghair la'iƙ."

"Me ke nan?"

Lado ya sani. So yake ya ji yadda za ta fito daga bakin yaron.

"Ya'ani... bai cancanta ba. Ba zai iya ba." Rafi'u ya bi layin da yatsa. "Rafi'u Lado. Sun rubuta daidai."

Ya ninke ta ya sa cikin fasfon. Tsohon katin yana kan akwati, an huda shi da abin huda takarda, alamar an rufe. Ya ɗauka ya juya shi.

"Abdulghani ya warke ke nan."

"Ya warke."

"Mabruk gare shi." Ya ajiye katin. Wani ya buɗe famfo a sama, injin ya tashi. Su biyu suka saurara har ya tsaya. "Baba, da na iya, ka sani. Gudun dai."

"Na sani."

Da wata ya kama suka koma asibiti, suka zauna a bencin da suka saba, cikin mutanen da suka saba gani ba sa gaisawa. Ma'aikaciyar jinya ta leƙo da fayil siriri a hannu.

"Rafi'u Lado!"

Ba wanda ya motsa. Rafi'u yana kallon tayil ɗin ƙasa, yana jiran sunan da ya saba tashi da shi.

"Rafi'u Lado!"

Mutane suka fara waige-waige. Lado ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ce, "Na'am, ga mu." Ya tsaya a tsaye a gaban kowa, hannunsa a miƙe, har yaron ya ɗago ya kama.